Aljani Ba Ya Sa Hannu a Takardar Gwamnati: Sharhi Kan Ɗora Matsalolin Sudan a Kan Gaibu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, wani irin bayani ya ƙara ƙarfi a majalisun Hausawan Sudan, daga unguwanninmu na Gadarif da Kasala har zuwa Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogin Nil Azrak. Wasu suna cewa an yi wa ƙasar nan baki, wasu suna cewa akwai asirin da aka binne tun zamanin wani shugaba wanda har yau ba a tono shi ba, wasu kuma suna rantsuwa cewa manyan sojojin da ke faɗa da juna ba a cikin hayyacinsu suke ba, aljanun bokayensu ne ke juya su. Irin wannan magana tana yawo a saƙonnin murya na WhatsApp, ana jin ta a wurin zaman makoki da gindin mai gasa agashe, kuma sau da yawa wanda ke faɗinta mutum ne mai hankali da ya rasa gida ko ɗa ko jari, yana neman abin da zai kai girman asarar da ya yi.

Babu Musulmin da zai musanta samuwar aljanu, domin akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma sihiri da kambun baka duk addini ya tabbatar da su ya kuma koyar da neman tsari daga gare su. Abin da ake tattaunawa a nan shi ne ko waɗannan abubuwa su ne bayanin tsadar burodi, da bushewar magudanan ruwan gonakin Jazira, da kafa runduna biyu a ƙasa ɗaya. A ganina ba su ba ne, kuma dagewa a kan cewa su ne yana da farashi mai nauyi, wanda mu Hausawan ƙasar nan muka fi kowa biyansa.

Kafin a zargi mai wannan fahimta da jahilci, ya kamata a duba dalilin da ya sa ta samu gindin zama. Shekara 30 na mulkin Umar Albashir, daga 1989 zuwa 2019, sun koya wa mutane cewa ambaton sunan mai laifi yana iya kai mutum wuraren tsarewa na sirri da jama'a suka laƙaba wa suna gidajen fatalwa, alhali masu azabtarwa a cikinsu 'yan Adam ne da ke karɓar albashi a ƙarshen wata. A yau ma, wanda yake zaune a garin da masu bindiga ke iko da shi ya san cewa zagin Shaiɗan ba ya sa a ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare. Ga kuma duhun da ke lulluɓe da harkar gwamnati: kamfanonin soja da na jami'an tsaro sun daɗe suna kasuwanci ba tare da ma'aikatar kuɗi ta san shige da ficensu ba, zinariya tana fita ta hanyoyin da ba a rubutawa, don haka talaka yana ganin sakamako ne kawai ba ya ganin hannun da ya aikata. Abin da ba a ganin mai yinsa kuwa, a al'adarmu, sunansa aikin iska.

Amma hannun yana nan, kuma ana iya bin sawunsa. Sa'ad da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin da ƙasar ke haƙowa, kuma wannan ba abu ne da ya zo ba zato ba, domin yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta ba da shekara shida cur kafin ƙuri'ar raba gardama. A shekarun da kuɗin mai ke shigowa ba a zuba su a noma yadda ya kamata ba, aka saba wa birane da burodin alkamar da ake sayowa da dala, har ranar da dalar ta yi ƙaranci. A Disamba 2018 burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa fam uku a Atbara, mutane suka fito titi, kuma cikin wata huɗu mulkin ya faɗi. Bayan faɗuwarsa an samu miliyoyin kuɗin ƙasashen waje a gidan shugaban, shi da kansa ya amsa a kotu cewa ya karɓi dala miliyan 25 daga Saudiyya ba ta hanyar baitulmali ba, aka yanke masa shekara biyu a Disamba 2019. Babu wata gaɓa a wannan labari da ke buƙatar a kira aljani ya cike gurbi.

Wanda ya yi noma a Jazira ya fi kowa sanin wannan. Tsarin ban ruwan da aka fara a 1925 da madatsar Sinnar, wanda ya ratsa faddan sama da miliyan biyu, ya dogara ne kacokan a kan abu ɗaya: a riƙa kwashe laka da ciyawa daga magudanai kowace shekara, domin Nil Azrak yana gangaro da laka mai yawa daga tsaunukan Habasha. Idan aka yi sakaci, ruwa yana isa ga masu hawasha, wato gonakin da aka yanka wa manoma, na kusa da bakin tura'a, wato magudanar ruwa, ya ƙare kafin ya kai ga na ƙarshen layi. Sai ka ga manomi yana tsaye a kan dawarsa da ta fara naɗe ganye, ƙasa ta tsattsage har ƙafa tana iya shiga, maƙwabcinsa na sama kuma gonarsa shar, sai zuciya ta raya masa cewa an yi masa aiki ne. Zai je wurin faki, a rubuta masa a allo a wanke ya yayyafa a kusurwa huɗu na gonar, a ba shi takarda ya ƙona ya yi turare, ya biya da kuɗin da ya tanada don taki. Tura'ar kuwa tana nan cike da laka, kuma tun bayan dokar 2005 da ta sauya yadda ake tafiyar da aikin, aka sallami dubban ma'aikata aka kuma yi watsi da masana'antun gurzar auduga da layin dogon aikin, manomi ya rasa takamaiman ofishin da zai je ya kama da laifi. 'Yan'uwanmu na kambo, wato matsugunan 'yan ƙodagon gona, waɗanda kakanninsu suka tsinci audugar nan shekara da shekaru ba tare da sun mallaki ko taƙi ɗaya ba, su ma rashin makaranta da famfo a matsugunansu ba la'ana ba ce da ta bi jininsu, tsari ne da bai taɓa lissafa su a matsayin ƙauyuka ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne batun fari da ambaliya, domin a nan kam babu shakka ruwan sama ba ya hannun kowa sai Allah. Sai dai ƙarancin ruwa daban, mutuwar dubban mutane da yunwa daban. A ƙarshen 1983 gwamnan Darfur na lokacin, Ahmad Ibrahim Diraij, ya gargaɗi shugaba Ja'afar Numairi cewa yunwa tana tafe kuma ana buƙatar agaji daga waje. Ba a saurare shi ba, ya bar ƙasar. A shekarun da suka gabaci farin an yi ta fitar da dawa zuwa ƙasashen waje, kuma Numairi, wanda ya ƙaddamar da dokokin shari'a da aka sani da dokokin Satumba a 1983 aka kuma yi masa mubaya'a a matsayin imami, ya jinkirta amsa cewa akwai yunwa har sai da mutanen Kurdufan da Darfur suka cika gefen Umdurman. An sake irin wannan a 1990 da 1991, lokacin da gwamnatin Albashir ta ƙi kiran abin da sunansa ta ce giɓin abinci ne kawai. Fari jarrabawa ce daga Allah, amma rumbun da aka sayar kafin farin da wasiƙar da aka ƙi karantawa aikin mutane ne masu suna da muƙami.

Abin lura shi ne masu mulki ba sa adawa da bayanin gaibu, su ne ma manyan masu cin moriyarsa. A shekarun 1990, lokacin yaƙin Kudu, an riƙa watsa labaran birai da ke tayar wa mayaƙa nakiyoyi da gajimare da ke yi musu inuwa, kuma amfanin irin wannan labari a bayyane yake: uwar da aka gaya wa cewa sama da daji suna yaƙi tare da ɗanta ba za ta tambayi dalilin da ya sa aka ɗauke shi daga aji aka tura shi fagen daga da horon 'yan makonni ba. Yaƙin da muke ciki yanzu ma yana da takardun haihuwa. Gwamnati ce ta ba mayaƙan ƙabilu makamai a Darfur daga 2003, ita ce ta tattara su ta kafa rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF a 2013, majalisa ta yi mata doka a 2017, a shekarar kuma rundunar ta karɓe ma'adinan zinariyar Jabal Amir. Abdulfattah Alburhan na rundunar soja da Muhammad Hamdan Dagalo na RSF tare suka kifar da gwamnatin farar hula ranar 25 ga Oktoba, 2021, sa'an nan suka saɓa a kan yadda za a haɗe rundunonin biyu da wanda zai ba wani umarni. Duk wanda ya ce asiri ne ya haɗa su faɗa, ya sani ko bai sani ba, ya wanke waɗanda suka zauna a majalisa suka ɗaga hannu, da waɗanda ke sayen zinariyar a waje suna turo makamai.

Wani zai ce wannan magana ta masu karatun boko ce da ke son raba rayuwa da addini. Akasin haka ne, domin addinin da kansa ya rufe wannan ƙofa. A cikin Suratu Ibrahim, aya ta 22, Shaiɗan yana gaya wa mabiyansa ranar hisabi cewa ba shi da wani iko a kansu face ya kira su suka amsa, don haka kada su zarge shi, su zargi kansu. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce, sai ya miƙe ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Allah da ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, alhali da ya yi shiru fassarar tana ƙara masa girma ne a idon jama'a. Sayyidina Umar kuwa, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A shekarar yunwar da ta auka wa Madina ya fita roƙon ruwa, amma ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su turo abinci, ya sa aka riƙa dafawa ana rabawa, shi da kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jama'a suka ƙoshi. Bai ga wani saɓani tsakanin ɗaga hannu sama da ƙidaya buhuna ba.

Mu da yawancin kakanninmu suka biyo hanyar gabas, wasu don aikin hajji wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a bakin Nil Azrak, muna da gado na musamman a wannan fage. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bayyana lalacewar mulki a ƙasar Hausa a littafinsa Kitabul Farƙ, bai tsaya ga cewa iskoki sun kama sarakuna ba. Ya jero abubuwan da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ga fuskarsa, abin da ake ƙwata a kasuwa daga hannun mahauta da masu saye da sayarwa, da ƙwace dukiyar mamaci. Malami ne da ya yi imani da gaibu fiye da mu duka, amma da ya zo maganar zalunci sai ya yi ta kamar mai binciken kuɗi. Abin mamaki ne a ce jikokin wannan makaranta su ne yau suke barin jaki suna dukan taiki.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye. A Sudan an daɗe ana kallon Fallata, wato Fulani da sauran 'yan asalin Afirka ta Yamma, da Hausawa a matsayin masu ƙarfin asiri, kuma ba za a ɓoye ba, wasu daga cikinmu sun ci abinci da wannan suna, manyan mutane suna sallama a ƙofar fakinmu da dare. Amma sunan da ke kawo kuɗi a lokacin zaman lafiya shi ne ke kawo duka a lokacin firgici. A Satumba 2003 jita-jita ta mamaye Hartum, tana yawo ta saƙonnin waya, cewa wasu baƙi 'yan Afirka ta Yamma suna ɓatar da mazakutar mutum ta hanyar musafaha, har sai da hukumomi suka fito suka ƙaryata bayan likitoci sun duba masu ƙorafin. Wanda ya ji tsoron miƙa hannu a kasuwa a waɗannan kwanaki ba minista ba ne, mai kama da mu ne. Al'ummar da ta saba neman sanadin wahalarta a wurin masu asiri dole wata rana ta nemi mai asirin a cikin mutane, kuma ba ta taɓa samunsa a fadar gwamnati, kullum a unguwar marasa gata take samunsa. Duk lokacin da muka yaɗa saƙon da ke cewa sihiri ne ya rusa Sudan, muna ƙarfafa tunanin da mu ne farkon waɗanda zai nuna da yatsa.

Rikicin jihar Nil Azrak na 2022 ya nuna wani ɓangaren matsalar. Daga Yuli zuwa Oktoba na shekarar, a Rusairis da Ganis da Wad Almahi da kewaye, an kashe mutum sama da 350 bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da 90,000 suka bar gidajensu. A zaman sulhu irin namu, kalmar da aka saba ji ita ce Shaiɗan ne ya shiga tsakanin 'yan'uwa, kuma ban raina hikimar da ke cikinta ba, domin tana ba maƙwabta biyu damar gaisawa ba tare da ɗaya ya durƙusa wa ɗaya ba. Sai dai idan aka tashi daga tabarma a kan haka kawai, an bar tushen a ƙasa. Tushen kuwa sananne ne: buƙatar Hausawa ta samun sarauta a tsarin mulkin gargajiya, wadda wasu ƙabilu suka fassara da neman mallakar ƙasa, dokar 1970 da ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, ta buɗe ƙofar yanka manyan gonakin inji ga 'yan kasuwa da manyan jami'ai, ɗaga madatsar Rusairis da aka kammala a 2013, wanda ya tashi ƙauyuka ya cusa mutane a sababbin matsugunai, da gasar 'yan siyasa bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta 2020. Waɗannan abubuwa ana iya rubuta su a takarda, a yi gardama a kansu, a gyara doka. Shaiɗan kuwa ba a iya gayyatarsa gaban kwamiti.

Ƙetaren Bahar Maliya, inda 'yan'uwanmu suke da yawa a Makka da Jidda, an ga fuska biyu na wannan lamari a kusan lokaci ɗaya. A 2010 jaridun Saudiyya sun cika da labarin wani alƙali a Madina da aka tuhuma da almundahana, aka kawo hanzarin cewa sihiri aka yi masa kuma aljani ne ya sarrafa shi. A ɗaya ɓangaren, da ambaliya ta kashe mutum sama da 120 a Jidda ranar 25 ga Nuwamba, 2009, wasu masu wa'azi suka danganta ta da zunuban mutanen birnin, amma Sarki Abdullah ya ba da umarnin bincike yana mai nuni da cewa irin wannan ruwa yana sauka a ƙasashen da ba su kai Saudiyya wadata ba ba tare da ya yi irin wannan ɓarna ba. Binciken ya kai ga gine-ginen da aka ba wa izini a hanyar kwari da magudanan da ba a gina ba, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila.

Hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi suke da ita ita ce ta zunubi, cewa musiba ba ta sauka sai da abin da hannayen mutane suka aikata, kuma wannan nassi ne da ba a jayayya da shi. Tambayar ita ce wane zunubi ake ƙirgawa. Sau da yawa mai huɗuba yana tsayawa ne a kan tufafin mata da kiɗan biki da samarin da ba sa zuwa sallar asuba, ya tsallake cin amanar baitulmali, da sayar da filin makaranta, da ɓoye hatsi don ya yi tsada, da ɗaukar makamin gwamnati a ba wata ƙabila ta kashe wata, alhali waɗannan su ne zunuban da alaƙarsu da musibar take a fili kamar alaƙar wuta da hayaƙi. Maganar nan da ake yawan jawowa, cewa yadda kuke haka za a shugabantar da ku, malaman hadisi da dama sun raunana ta, kuma ko da an karɓi ma'anarta ba ta sauke nauyi daga wuyan shugaba ba. Idan aka raba laifi daidai wa daida tsakanin mai sayar da shayi a bakin titi da wanda ya sa hannu a kwangilar makamai, to a zahiri an yafe wa na biyun ne.

A Agusta 2024 madatsar Arba'at da ke shayar da Bur Sudan ta fashe bayan ruwa mai yawa, ta share ƙauyuka kusan 20, kuma an daɗe da sanin cewa laka ta cika ta kuma ba ta samun gyara. A Fabrairu 2025 kwalara ta ɓarke a Kosti bayan harin da ya lalata tashar wutar lantarki ya tsayar da matatar ruwan garin, mutane suka koma shan ruwan da ake ɗebowa daga kogi a kan amalanken jaki. Matasan ɗakunan agajin gaggawa da masu dafa abinci a takiyya, wato wurin ciyar da jama'a kyauta, waɗanda yawancinsu a masallaci suke haɗuwa kuma da addu'a suke buɗe aiki, ba su tsaya neman wanda ya yi wa garin baki ba, sun nemi maganin tace ruwa da gishirin zawo da itacen girki. Yanzu da wasu suka fara komawa Wad Madani da Sinja da Hartum, tambayoyin da ke jiran amsa su ne wa zai kwashe lakar tura'a kafin damina, da wane kasafi, wa ke riƙe da takardun filayen da aka bari, kuma a ƙarƙashin wace doka Bahaushen da aka haifi kakansa a bakin Nil Azrak zai noma gonarsa ba tare da an sake tambayarsa daga ina ya zo ba.